Liyari mai shekarar 1780: Tsoffin kuɗin Damagaram da ke ƙarewa a maƙera

A kasuwar Dole ta birnin Zinder, idan mai tumatir ya ce “dala ashirin”, ba wanda zai tsaya lissafi, kowa ya san sefa 100 yake nufi. Dala ɗari ita ce sefa 500, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Baƙon da ya zo daga Kano ko Abuja ne kawai ke rikicewa, domin shi a wurinsa dala kuɗin Amurka ce.

Ita wannan dalar ta Nijar ba ta da alaƙa da Amurka. Sunan wani kuɗin azurfa ne da ayarin raƙuma suka riƙa shigowa da shi Damagaram daga Tarabulus a ƙarni na 19, mai ɗauke da hoton wata sarauniyar Ostiriya da shekarar 1780. Hausawa sun kira shi liyari, daga kalmar Larabci riyal, sun kuma kira shi dala. Har yau akwai shi a adakar tsofaffi da cikin kayan adon da mata suka gada, a Birni da Zango da ƙauyukan da ke kewaye.

Sai dai yana raguwa. Tsadar azurfa a kasuwar duniya ta sa duk abin da aka yi da ita ya zama abin kai wa maƙeri a auna, yayin da a ɗaya gefen jita-jita ke sa wasu matasa zaton cewa ƙwaya ɗaya ta isa ta sayi mota. Tsakanin mai narkarwa da mai mafarkin miliyoyi, ba kasafai ake samun wanda ya tsaya ya tambayi daga ina abin ya fito ba, ko ta hannun wa ya biyo.

Daular da ta ƙera igwa amma ba ta buga kuɗi ba

Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi kusan shekara 30 yana mulki kafin rasuwarsa a 1884. Shi ya zagaye Birni da ganuwa, a zamaninsa kuma maƙeran Zinder suka riƙa zuba igwa ta tagulla. Ke nan ba sanin ƙarfe aka rasa ba. Duk da haka masarautar ba ta buga kuɗin ƙarfe mai sunan sarkinta ba, kamar yadda Daular Sakkwato ma ba ta buga ba. An yi ciniki ne da abin da fatake suka yarda da shi daga Kano har Kukawa, kuma babu abin da ya kai wuri karɓuwa.

Kalmar “kuɗi” kanta jam’in “wuri” ce. Wannan ɗan ƙaramin kwanson halittar teku daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya ake samo shi, ya yi tafiyar dubban kilomita kafin ya iso hannun mai sayar da fura a ƙofar fada. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya zauna a Maldib ya ga yadda ake tara shi, daga baya kuma ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gao, wuri 1,150 a kan dinare ɗaya na zinare. A 1353 ya biyo ta Takedda, a yankin Agadas na yanzu, inda ya ga ana sayen nama da itace da ’yan sandunan jan ƙarfe.

Wanda ya fi barin cikakken bayani kan wahalar wuri shi ne Bajamushe Heinrich Barth. A farkon 1851 ya sauka a Tasawa, tsakanin Maraɗi da Zinder, ya ga yadda ake ƙirga wuri 500,000 da hannu. A bakin teku ana shirya wuri ne a zare, amma a ƙasar Hausa a warwatse yake, sai an zauna an ja shi biyar-biyar ana tarawa. Hakimai kan ɗura 20,000 a buhun kaba, amma a cewarsa babu ɗan kasuwar da zai karɓi buhu bai zazzage ya ƙirga da kansa ba. A Kano a wannan shekarar, wuri 2,500 ake ba da wa a kan dala ɗaya ta azurfa. Wato abin da mutum zai jefa a aljihu ya wuce, idan aka canza shi zuwa wuri sai ya zama kaya mai nauyin kusan kilo uku, buhu guda kuma bai wuce dala takwas ba.

Ta gabas kuwa, Barno, wadda Damagaram ke kai wa gaisuwa, ta daɗe tana amfani da gabaga, wato ƙyallen saƙi na auduga, sai wajen shekarun 1840 wuri ya samu shiga kasuwar Kukawa. Zinder na zaune a tsakanin waɗannan tsare-tsare, ga kuma Buzaye masu sauko da gishirin Bilma da Fachi suna musayarsa da gero. Dillalin garin dole ya iya lissafin kowa.

Daga tsakiyar ƙarnin, kamfanonin Jamusawa na birnin Hambug suka fara jigilar wani nau’in wuri daga Zanzibar zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Ya fi na Maldib girma, ya fi shi araha, kuma an kawo shi da yawan gaske. Darajar wuri ta yi ta faɗuwa, kafin ƙarshen ƙarnin farashin dala a Kano ya kai ninki biyu na abin da Barth ya gani. Aka kai matsayin da kuɗin ɗaukar wuri zuwa gari mai nisa ke cinye wani babban kaso na wurin kansa.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba a cika son ambata ba. Idan ciniki ya yi girma, ko za a kai haraji mai yawa, sau da dama da bayi ake biya, domin su suna tafiya da ƙafarsu. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga an fita hari an dawo da mutane a ɗaure. Duk mai neman sanin kuɗin Damagaram ba zai tsallake wannan ba.

Sarauniyar da ta mutu, kuɗinta bai mutu ba

Maria Theresa ta mulki Ostiriya shekara 40, ta rasu a watan Nuwamban 1780. Kafin rasuwarta kuɗin azurfa mai hotonta ya riga ya samu karɓuwa a ƙasashen Larabawa da gaɓar Bahar Maliya, saboda nauyinsa da kyan azurfarsa ba sa canzawa. ’Yan kasuwa ba sa son sabon abu a kuɗi. Don haka aka ci gaba da buga shi da kamanninsa na ƙarshe, ba a taɓa hoton ba, ba a kuma taɓa shekarar ba.

Wannan shi ne abin da mafi yawan masu riƙe da liyari ba su sani ba. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta nuna lokacin da aka buga shi. An buga shi a Biyana tsawon ƙarni na 19, an ci gaba ko bayan da ya daina zama kuɗin hukuma a Ostiriya a 1858. Daga 1935 aka buga shi a Rum, sannan Landan da Faris da Burasel da Bombay, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya na fitar da shi, duk da 1780 a jiki. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne an buga kimanin miliyan 389 daga 1751 zuwa 2000. Abin da ya kai wannan yawa ba ya cikin kayan da ake nema ruwa a jallo.

Ainihin liyari yana da nauyin giram 28 da ’yan ɗigo, kashi 83 cikin 100 azurfa ne, faɗinsa kuma kusan santimita huɗu. A gaba sarauniyar ce da lulluɓi a kai, a baya mikiya mai kai biyu, shi ya sa Larabawa suke ce masa Abu Ɗair, wato mai tsuntsu. A gefensa akwai rubutu da ado da suka fito sama, waɗanda aka yi don a gane idan wani ya kankare azurfar. Fatake kan duba ’yan ƙwayoyin da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniyar, idan sun shafe sai a rage masa daraja ko a ƙi karɓa.

Hanyarsa zuwa Zinder ita ce hanyar ayari: Tarabulus, Gadamas, Gat, tsaunukan Abzin, sannan Damargu. Abin da ke komawa arewa shi ne gashin jimina da jemammun fatu da hauren giwa da bayi. Manyan attajiran unguwar Zango irin su Malam Yaro da wannan fatauci suka yi suna. Talaka kuwa ba da liyari yake cefane ba. Kuɗin ajiya ne da na babban ciniki, kuma tun a wancan zamani wani kasonsa a wurin maƙeran fari yake ƙarewa, a mayar da shi mundaye da zobba da abin wuya. Da yawa daga tsoffin kayan azurfar Buzaye, har da shahararren abin wuyan nan na Agadas, da narkakken liyari aka ƙera su. Narkarwa dai ba yau ta fara ba. Bambancin shi ne a da ayari na kawo wani, yanzu kuwa wanda ya ratso hamada idan ya shiga wuta ya tafi ke nan.

Yadda tamma ta kori wuri

A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, a watan Yulin 1899, sojojin Faransa suka yi nasara a yaƙin Tirmini suka shiga birnin. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar mulkin mallakar Nijar kafin a mayar da ita Yamai.

Makamin da ya kashe wuri shi ne haraji. Da farko Turawa sun karɓi wuri da gero da dabbobi don ba su da zaɓi, daga baya suka ce sai da kuɗinsu. Manomin da bai taɓa buƙatar faran ba, wanda Hausawa suka sa wa suna tamma, ya zama dole ya neme shi, ko ta sayar da amfanin gona ko ta tafiya ci-rani. Masu rumbun wuri suka wayi gari dukiyarsu ta koma abin ado. A lokaci guda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku, fataucin hamada ya durƙushe.

Babban kuɗin ƙarfen Faransa na lokacin shi ne na tamma biyar, na azurfa mai nauyin giram 25. Da yake girmansa ya yi kusa da na liyari, sai ya gaji sunan dala. An daina ganin azurfar, an ƙirƙiro sefa a ranar 26 ga Disamban 1945, an karya darajarta da rabi a Janairun 1994, amma lissafin biyar-biyar bai gushe ba. Haka abin yake a maƙwabta, inda Bambarawa da Wolof ke kiran tamma biyar da sunan da ya samo asali daga dirhami. Ita ma jika ana danganta ta da jakar da ake ɗura dala 200 a ciki.

Ta kudu kuwa, kuɗin Ingila sun riƙa tsallako iyaka ta Magarya da Matamaye tare da masu gyaɗa da ’yan ci-rani, shi ya sa ake samun kobo mai huji da sisi da taro da sule a gidajen Damagaram. Mafi ban sha’awa a cikinsu shi ne anini, kashi ɗaya cikin goma na kobo, wanda aka yi shi musamman don ya maye gurbin wuri a ƙananan sayayya. Yana da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Na farkonsa, mai shekarar 1907, da sanholo aka yi shi, kuma yana cikin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure gumi da danshi ba, aka sauya ƙarfen a 1908. Wannan ɗan abin da ake misali da shi wajen rashin daraja, idan aka samu mai tsabta, ya fi liyarin da aka buga jiya burge masu tarawa.

Abin da ya faru a Tibet

Masu tara tsoffin kuɗi a duniya suna da wani misali da ya yi kama da na Damagaram, wato Tibet, can bayan tsaunukan Himalaya. Su ma sun daɗe suna ciniki da kuɗin azurfar da maƙwabta suka buga musu, na Nepal. Rigima kan gurɓata azurfar na cikin dalilan yaƙin da aka yi tsakanin 1788 da 1792, kuma a cikin wannan rikici ne, a 1791, Tibet ta fara buga nata kuɗin da yawa, wanda ake kira tangka. Idan ana neman canji, yanka shi ake yi gida-gida. Wani nau’insa da aka shafe gomman shekaru ana bugawa ba shi da shekara ko kaɗan a jiki. A 1959 aka daina amfani da kuɗin Tibet baki ɗaya.

Yau waɗannan kuɗi suna da kasuwa a manyan gidajen gwanjo, musamman tun da attajiran Chaina suka shiga saye, kuma jabu ya yi yawa ƙwarai. Abin da ya ɗaga darajarsu aikin masu bincike ne da suka zauna suka jera su ɗaya bayan ɗaya, suka auna, suka gano wane aka buga a wane gida kuma a wane zamani. An yi wa liyari irin wannan aiki a Turai, ta yadda ƙwararre zai duba siffar haruffa da gashin mikiya da maɓallin kafaɗa ya faɗi ko bugun farko ne ko na Landan. Abin da ƙwararren Turai ba zai iya faɗa ba shi ne a gidan wa liyarin ya kwana a Zinder, sadakin wa aka biya da shi, wane maƙeri ya liƙa masa kunnen rataya. Wannan a bakin tsofaffin gida kawai yake.

Sikelin maƙeri da wayar ’yan damfara

A watan Oktoban 2025 farashin azurfa ya haura dalar Amurka 50 a kan oza ɗaya, abin da ya zarce tarihin da aka kafa tun 1980. Liyari ɗaya na ɗauke da kusan giram 23 na tsantsar azurfa, wato kashi uku cikin huɗu na oza. A wancan farashi, ƙarfen da ke jikinsa kaɗai ya kai kimanin jika 20. Ga iyalin da ke da maras lafiya ko kuɗin makaranta a gaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba wanda zai zarge su. Maƙeri shi ma sana’arsa yake yi, nauyi yake saye, ba ruwansa da labari.

Inda ake tafka asara shi ne wajen rashin sanin abin da ake riƙe da shi. Wani ya sayar da tsohon bugu a farashin ƙarfe. Wani kuma ya ƙi tayin gaskiya saboda an tura masa bidiyo a WhatsApp ko TikTok cewa kuɗin 1780 na jawo miliyoyi, ko kuma kobo mai huji na ɗauke da wani sinadari da Turawa ke nema. Irin labarin da aka sha yi ne kan tsohon dutsen guga na gawayi da keken ɗinki. Yadda damfarar ke tafiya sananne ne: wani zai fito a matsayin mai saye da farashin da ya wuce hankali, sai a ce a biya kuɗin gwaji ko na takarda tukuna, ko kuma a nuna wa mutum inda zai sayo ƙarin kuɗin don ya cika adadi. Da ya biya, mai sayen ya ɓace.

Gwajin farko ba ya buƙatar na’ura mai tsada. Sikelin masu zinare zai nuna nauyi, idan ya gaza giram 28 da nisa alhali bai side ba, akwai alamar tambaya. Azurfa ba ta kama maganaɗisu. Idan aka ɗora shi a kan yatsa aka ƙwanƙwasa a hankali, ƙararsa kan ja tsawo, ta jabun da aka zuba da dalma kuwa a mace take. Sai a duba rubutun gefe, domin nan ne masu jabu suka fi kasawa. Babban kuskuren da ake yi shi ne wanke shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. A wurin masu tarawa, wannan duhun da shekaru suka sa masa wani ɓangare ne na darajarsa, gogewa kuwa rage masa kuɗi take yi. Mai huji ko mai kunne farashinsa ya faɗi a kasuwar Turai, amma ga mai binciken tarihin Damagaram shi ne ya fi magana, don ya nuna an rataya shi a wuya ko an kitsa shi a gashi.

Akwai kuma wasu kuɗin zinare da na azurfa masu hoton Shugaba Diori Hamani da shekarar 1960, na tunawa da samun ’yancin kai. Ba a kashe su a kasuwa ba, don masu tarawa aka buga su, shi ya sa an fi ganinsu a gwanjon ƙasashen waje fiye da cikin Nijar.

Masu fita da kaya waje

’Yan Damagaram mazauna Faransa da Beljiyam da Amurka da ƙasashen Larabawa na cikin waɗanda ake tura wa hotuna ana tambayar ko za su samo mai saye. Ya kamata su san cewa Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997, wadda ta sa sharaɗi kan fitar da su daga ƙasa. Ƙasar ta ɗanɗana kuɗarta a kan gumakan yumɓu na Bura, waɗanda aka yi ta haƙowa ana sayarwa har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Liyarin gado da ke cikin adaka daban yake da tukunyar wuri ko ta azurfa da aka ci karo da ita wajen haƙar harsashin gini. Ita ta biyun, da zarar an rarraba ta an sayar, an rasa sanin zurfin da take da abin da ke kusa da ita, waɗanda su ne ke nuna zamaninta.

Wuraren ajiya akwai su: gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da gidan tarihin jiha a Zinder, ga jami’ar garin mai ɗauke da sunan André Salifou, masanin da ya wallafa littafi kan Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971. Bankin BCEAO na da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa ta Dakar, Babban Bankin Najeriya ma na da nasa a Abuja. Unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Amma ko iyalin da dole ta sa za su sayar, wayar da ke hannun jikansu ta isa ta ɗauki hoton gaba da baya da gefe, a rubuta nauyi, a naɗi muryar kaka tana faɗin wanda ya ba ta da shekarar da aka yi auren.

Maganar sauya kuɗi ma ta sake tasowa. A watan Fabrairun 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya yi magana a gidan talabijin na ƙasa kan yiwuwar Nijar da Mali da Burkina Faso su samar da kuɗinsu na bai ɗaya. Ita kuwa dala ɗaya ta yanzu, wannan ’yar ƙaramar rawaya mai tambarin kifin BCEAO, tuni ta fara wuyar gani a kasuwar Dole, inda masu kanti kan cike gurbinta da alawa ko ashana idan canji ya gagara.